Tsiron ƙashi a gadon baya: abin da ke jawo shi, alamominsa da maganinsa

Mutum ya daɗe yana fama da ciwon wuya ko na kwankwaso, ya je asibiti, aka tura shi ɗaukar hoton ƙashi, wanda a ƙasashe masu aiki da Faransanci aka fi sani da "radiyo". Ya dawo da hoton da ƴar takardar bayani, a cikinta an rubuta ostéophytes ko becs de perroquet, wato "bakin aku". Likita na da layin marasa lafiya a bakin ƙofa, bai samu sukunin dogon bayani ba. Shi kuwa mai ciwon sai ya koma gida da tunanin wani ƙashi mai tsini ya tsiro masa a baya yana sukarsa daga ciki, kuma ƙarshenta ko a yanka shi ko ya shanye.

Galibi abin bai kai haka ba. Tsiron ƙashi a gadon baya na cikin abubuwan da shekaru ke zuwa da su, kamar furfura. Mutane da yawa na ɗauke da shi ba su sani ba, domin bai taɓa damunsu ba. A wasu yakan zo da ciwo da riƙewar baya, waɗanda motsa jiki da magani ke sauƙaƙawa. A ƴan ƙalilan ne yake danne jijiya ko laka har a buƙaci tiyata, kuma wannan na da alamomi sanannu da bai kamata a yi wasa da su ba. Wanda ya san rukunin da ya faɗa ba zai kashe kuɗinsa a banza ba, kuma ba zai zauna a gida ba ranar da ya kamata ya garzaya asibiti.

Yadda gadon baya yake

Gadon baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne 33, wani a kan wani, daga ƙeya zuwa mazauni. Guda 7 na wuya ne, 12 na bayan ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 na kwankwaso, wasu 5 sun haɗe sun zama ƙashi guda a tsakiyar ƙugu, sai 4 ƙanana na ƙarshe. Likitoci na ba su harafi da lamba: C ga na wuya, T ko D ga na bayan ƙirji, L ga na kwankwaso, S ga na ƙugu. Idan takarda ta ce L4-L5, ana nufin tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na kwankwaso.

Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifai mai laushi, kamar ƴar matashi mai riƙe da ruwa. Su 23 ne, kuma su ke shanye jijjiga idan mutum na tafiya ko ya ɗauki kaya. Ta baya kuma kowane ƙashi na haɗuwa da maƙwabcinsa ta ƙananan gaɓoɓi biyu masu shafe da guringuntsi.

A tsakiyar jerin akwai rami mai tsawo, nan laka ke bi daga ƙwaƙwalwa. Daga laka jijiyoyi ke fita bibbiyu, hagu da dama, har sau 31, ta wasu ƙananan kafofi a gefen ƙasusuwan. Su ke kai ji da ƙarfi ga hannuwa, ƙafafu, mafitsara da sauran jiki. Laka kanta tana ƙarewa wajen ƙashin kwankwaso na ɗaya ko na biyu. Daga nan zuwa ƙasa damin jijiyoyi ne, wanda likitoci ke kira "jelar doki" saboda kamanninsa.

Yadda tsiron ke fitowa

Da shekaru suka ja, faifan nan yakan rasa ruwansa, ya bushe, ya lotsa. Ƙasusuwan sai su matso kusa da juna, nauyi ya ƙaru a kan ƙananan gaɓoɓin baya, guringuntsinsu ya fara zaizayewa. Wurin ya soma motsi fiye da yadda ya saba. Jiki kuwa ba ya barin wuri na girgiɗi, sai ya riƙa zuba sabon ƙashi a gefen ƙasusuwan domin faɗaɗa wurin da ke ɗaukar nauyi da rage motsin. Wannan ƙarin shi ne tsiron ƙashi. Kamar kanta ce a tafin hannun manomi: inda ake yawan goga, nan fata ke ƙara kauri.

Yawancin tsiron ba kaifi ne da shi ba. Leɓe ne mai santsi da ke girma a hankali cikin shekaru. A hoton radiyo ne yake fitowa a lanƙwashe kamar bakin aku, daga nan Faransawa suka ba shi sunan. Ya fi fitowa a wuraren da suka fi aiki, wato ƙasan wuya (C5-C6 da C6-C7) da ƙasan kwankwaso (L4-L5 da L5-S1).

Illarsa ta dogara ne da inda ya nufa. Idan ya yi gaba ko gefe, inda babu jijiya, yana iya girma bai dami kowa ba. Idan ya shiga kafar da jijiya ke fita, ko ramin da laka ke bi, ɗan ƙarami ma ya isa ya hana mutum barci.

Abubuwan da ke jawo shi

Na farko shi ne shekaru. Fiye da kashi 85 cikin 100 na mutanen da suka haura shekara 60 ana ganin alamun zaizayewar ƙasusuwan wuya a hotonsu, kuma da yawansu ba sa jin komai. Zaizayewar gaɓoɓi, wadda takardun asibiti ke kira arthrose, jama'a kuma ke haɗa ta cikin "sanyin ƙashi", ita ce uwar tsiron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 528 ne ke fama da ita a 2019, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne.

Na biyu shi ne irin aikin da mutum ya daɗe yana yi. Ɗaukar kaya a ka, dako, noma a sunkuye da gajeriyar fartanya, daka, jan guga a rijiya mai zurfi, da yini a kan babur ko babbar mota bisa hanya mai gargada, duk suna ɗora wa faifan baya nauyi. Binciken da aka yi a Gana da Saliyo a shekarun 1990 ya gano cewa zaizayewar ƙasusuwan wuya ta fi yawa a cikin masu ɗaukar kaya a ka. Wannan ya shafi ƴan matan da ake kira kayayei a kasuwannin Akara da Kumasi, kamar yadda ya shafi macen ƙauye mai ɗaukar itace da jarkar ruwa tun tana yarinya. Mai zaman ofis ma bai tsira ba, idan yana yini a kujera da kansa a duƙe kan waya ko kwamfuta.

Sai tsohon rauni. Hatsarin babur, faɗowa daga itace ko daga gini, ko targaɗen da aka manta da shi, na iya sa wurin ya tsufa kafin sauran baya. Haka ma karkacewar gadon baya tun ƙuruciya. Ƙiba na ƙara wa kwankwaso kaya, shan taba sigari na rage jinin da ke ciyar da faifai, kuma akwai gado: a wasu gidaje gaɓoɓi kan zaizaye da wuri.

Akwai kuma cututtukan da ke sa ƙashi ya yi ta ƙaruwa. Ɗaya ita ce cutar Forestier, wadda likitan Faransa Jacques Forestier da abokin aikinsa Jaume Rotés-Querol suka bayyana a 1950. A cikinta jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan baya ne ke rikiɗa su zama ƙashi, baya ya sandare. An fi ganinta a maza masu shekaru, musamman masu ƙiba da masu ciwon suga.

Ɗayar kuma daga ruwan sha take. Idan sinadarin fuluwor ya yi yawa a ruwa, aka daɗe ana sha, yakan taru a ƙashi, ya kawo tsiro da sandarewar baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin lita ɗaya. A garin Tibiri na jihar Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. An kuma san wannan matsala a yankin Mayo Tsanaga na arewacin Kamaru da gundumar Bongo ta arewacin Gana. A garin da haƙoran yara da yawa suka yi ja ko ruwan ƙasa, manya kuma na kukan sandarewar baya tun ba su tsufa ba, ya kamata a nemi hukuma ta auna ruwan.

Cin abinci mai gina ƙashi, kamar madara, nono da kifi, ba ya kawo tsiron ƙashi. Babu dalilin da zai sa mai shi ya daina cinsu.

Alamomi

Alama mafi yawa ita ce ciwo mai nauyi a wuya ko kwankwaso, da riƙewa idan an tashi da safe ko bayan dogon zama. Yakan saki cikin mintoci idan mutum ya motsa, ya dawo da yamma bayan aiki. Wasu kan ji ƙara idan sun juya wuya, wasu kuma ciwon kai daga ƙeya.

Idan tsiron ya matse jijiya a wuya, ciwon ba ya tsayawa a wuyan. Yakan sauko ta kafaɗa zuwa hannu kamar wutar lantarki, tare da minjirya, wato jin kamar ana tsira allurai, ko mutuwar wani sashe na fata. Yatsan da abin ya shafa na nuna wa likita jijiyar da aka danne: babban yatsa da manuni na C6 ne, na tsakiya na C7, ƙaramin yatsa da na kusa da shi na C8.

Idan a kwankwaso ne, ciwon kan bi ɗuwawu zuwa bayan cinya har ƙafa. Wannan ne ake rubutawa sciatique. Jijiyar L5 na kai ciwo bisa ƙafa da babban yatsa, idan ta raunana mutum ba ya iya ɗaga tsinin ƙafarsa, takalmi na suɓuce masa. Jijiyar S1 na kai shi diddige da gefen ƙafa, mutum ya kasa tsayawa a kan yatsunsa.

Idan ramin kwankwaso ne gaba ɗaya ya ƙuntata, alamar daban ce. Mutum na fara tafiya lafiya, bayan ɗan nisa ƙafafu su yi nauyi, su mutu, dole ya zauna. Da ya zauna ko ya sunkuya sai su saki, domin sunkuyawa na ɗan buɗe ramin. Shi ya sa za a ga dattijo ba ya iya taka ƙafa zuwa masallacin Juma'a amma yana tuƙa keke ba wahala, ko yana jin sauƙi a ruku'u fiye da a tsayuwa.

Mafi haɗari shi ne danne laka a wuya, domin sau da yawa yana zuwa ba tare da ciwo mai tsanani ba. Hannuwa ne ke fara rasa ƙwarewa: ɓalla maɓallin riga ya gagara, rubutu ya lalace, kofi ko carbi su riƙa suɓucewa. Tafiya ta zama ta tangaɗi, ƙafafu su yi tauri. Iyali kan ɗauka tsufa ne kawai, ko su ce sammu ne, alhali laka ce ke lalacewa, kuma abin da ya lalace a cikinta ba kasafai yake dawowa duka ba.

A wasu lokuta ƙalilan babban tsiro ta gaban wuya kan tokare maƙogwaro, haɗiyar abinci ta yi wuya ko murya ta dishe.

Alamomin da ba a kwana da su

Duk mai ciwon baya ko wuya da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya je babban asibiti a ranar:

- Fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida na zubowa ba a sani ba.
- Fatar tsakanin cinyoyi, al'aura da dubura ta mutu, mutum ba ya jin ruwa idan yana tsarki.
- Ƙafafu biyu sun raunana, ko raunin hannu ko na ƙafa na ƙaruwa daga yau zuwa gobe.
- Tangaɗi da faɗuwa tare da rashin ƙwarewar hannuwa.
- Ciwon ya biyo bayan hatsari ko faɗuwa.

Biyun farko da raunin ƙafafu biyu na iya nuna an danne jelar doki. A nan sa'o'i ake ƙirgawa: idan ba a buɗe wa jijiyoyin hanya cikin kwana ɗaya zuwa biyu ba, mutum na iya rasa riƙon fitsari da bayan gida har ƙarshen rayuwarsa. Kunya kan hana mutane, musamman dattawa da mata, faɗin irin waɗannan alamomi. Wanda ya raka su asibiti ya tambaye su a keɓe.

Cututtukan da ke fakewa a bayansa

Tun da kusan kowane mai shekaru na da tsiron ƙashi, yana da sauƙi a ɗora masa laifin ciwon da ba shi ya kawo ba. A yankinmu akwai cututtukan da ya kamata a kore tukuna.

Ta farko ita ce tarin fuka na ƙashin baya, wanda ake rubutawa mal de Pott, daga sunan likitan Ingila Percivall Pott da ya bayyana shi a 1779. Yana zuwa da ciwon da ba ya lafawa ko a kwance, zazzaɓin yamma, gumin dare da rama, wani lokaci da ƙusumbi, kuma ba lallai mai shi ya yi tari ba. Yana warkewa da maganin tarin fuka idan an kama shi da wuri.

Ta biyu ita ce brucellose, wadda makiyaya ke kira bakkale. Ana ɗaukarta daga madarar da ba a tafasa ba, ko daga taɓa mahaifa da ɓarin dabba. Tana cin gefen ƙashin kwankwaso, har ta bar tsiro mai kama da bakin aku, tare da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Makiyayi ko mahauci mai ciwon baya da zazzaɓi ya faɗa wa likita sana'arsa.

Sai ciwon daji da ya yaɗu zuwa ƙashi, musamman na mama ga mata da na prostate ga maza, da ciwon ƙoda, da sikila. Zazzaɓi, rama ba dalili, da ciwon da ke tsananta da dare ba halin tsiron ƙashi ba ne.

Yadda likita ke bincike

Bincike na farawa da tambayoyi da gwajin jiki: inda ciwon ke bi, ƙarfin hannu da ƙafa, jin taɓi a fata, da yadda mutum ke tafiya. Wannan ya fi hoto muhimmanci, domin girman tsiro a hoto ba ya nuna girman ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon kwankwaso a 2020, kuma a kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya nuna wani takamaiman abu a ce shi ne sanadi. Saboda haka sabon ciwon baya da ba shi da alamar haɗari ba ya buƙatar hoto nan take.

Radiyo na nuna ƙashi da tsiron, amma ba ta nuna jijiya. Sikana na nuna ƙashi dalla-dalla da faɗin ramin. IRM ita ke nuna faifai, jijiyoyi da laka, ita ake nema idan ana zargin dannewa ko ana shirin tiyata. Tana da tsada kuma sai a manyan birane, don haka kada mutum ya sayar da dabbarsa ya yi ta don raɗin kansa, sai likita ya ce sakamakonta zai sauya magani. Akwai kuma gwajin EMG mai auna aikin jijiya, da gwajin jini idan ana zargin ƙwayar cuta.

Wasu kalmomi na yawan fitowa a takardar sakamako. Cervicarthrose zaizayewar ƙasusuwan wuya ce, lombarthrose ta kwankwaso. Pincement discal na nufin faifai ya lotsa. Hernie discale ɓullowar cikin faifai ce, ba tsiron ƙashi ba ce, ko da yake sukan zo tare. Canal lombaire étroit ƙuntatar ramin kwankwaso ce. Myélopathie kuwa na nufin laka ta taɓu, ita ce kalmar da in an gan ta ba a ajiye takardar a ƙarƙashin katifa.

Magani

Babu ƙwaya, allura, jiƙo ko man shafawa da ke narkar da tsiron ƙashi. Abin da ake magani shi ne ciwo, kumburi da raunin tsoka, kuma idan waɗannan suka lafa mutum na komawa aikinsa ko da tsiron na nan. Yawancin masu ciwon jijiyar hannu ko ta ƙafa na samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba.

Ginshiƙin magani shi ne motsi. Kwanciyar da ta wuce kwana ɗaya ko biyu na ƙara sandarar da baya, ta raunana tsoka. Tafiya a ƙasa kullum gwargwadon iko, tuƙa keke, da atisayen ƙarfafa tsokar ciki, baya da wuya su ne suka fi amfani. Ma'aikacin sashen gashin ƙashi, wanda ake kira kine, shi zai nuna atisayen da ya dace da mutum. Amfanin zuwa wurinsa shi ne a koyi motsin a ci gaba da yi a gida. Gasa wurin da tsumma mai ɗumi da tausa mai sauƙi na taimakawa. A jagorar da ta fitar a Disamban 2023 kan ciwon kwankwaso mai daɗewa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan motsa jiki da wayar da kan mai ciwo, ta kuma ce kada a mai da ɗaurin ɗamarar baya, jan baya da na'ura, da magungunan dangin tramadol abin yi na yau da kullum.

Daga cikin magunguna, parasetamol kan wadatar da wasu. Babba kada ya wuce giram 3 a yini sai da izinin likita. Masu rage kumburi kamar ibuprofen da diklofenak sun fi ƙarfi, amma na ƴan kwanaki ne, bayan an ci abinci, kuma ba a haɗa biyu lokaci guda. Suna iya huda ciki, su lalata ƙoda, su tayar da hawan jini. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai juna biyu da tsoho kada su sha sai likita ya yarda. A lokacin azumi da tsananin zafi, sa'ad da ruwan jiki ke raguwa, haɗarinsu ga ƙoda na ƙaruwa. Ga raɗaɗin jijiya likita na iya rubuta amitriptilin, gabapentin ko pregabalin, waɗanda ke sa barci da jiri, don haka direba da mai babur su faɗi sana'arsu.

Idan ciwon ya ƙi lafawa, ƙwararre na iya yin allurar rage kumburi kusa da jijiyar, wadda ake kira infiltration. Sauƙinta na makonni ne zuwa ƴan watanni, yana ba mutum damar yin atisaye.

Ana tiyata ne idan an danne laka ko jelar doki, idan rauni na ƙaruwa, ko idan ciwon jijiya ya hana mutum rayuwa bayan watanni ana magani. Likita kan cire tsiron da ɓangaren ƙashin da ya rufe hanya, wani lokaci ya haɗe ƙasusuwa biyu da ƙarfe. Tiyata ta fi kawar da ciwon da ke sauka hannu ko ƙafa fiye da ciwon bayan kansa. Idan laka ce, babbar manufa ita ce tsayar da lalacewa. Kamar kowace tiyata tana da haɗarinta, kuma ba ta hana sauran baya ci gaba da tsufa. Mai ciwo na da haƙƙin tambayar likita abin da aikin zai gyara, abin da ba zai gyara ba, da abin da zai faru idan aka jira.

Maganin kasuwa da na gargajiya

Mutane da yawa sun fi cutuwa da maganin da suka sha fiye da tsiron. Masu tallar magani a faranti kan ƙulla ƙwayoyi kala-kala a leda su ce na ciwon jiki ne, a ciki kuwa akan samu masu rage kumburi biyu da deksametazon. Deksametazon na kashe ciwo da sauri, amma idan aka daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya sa ƙashi ya yi rauni har ya karye. Wanda ya daɗe a kansa kada ya bari farat ɗaya, ya je likita ya janye masa a hankali. Tramol kuwa na kama mutum, kuma da yawa daga masu aikin ƙarfi da ciwon baya suka fara shi.

Ƙaho, tsaga da sakiya a fata suke tsayawa, ba sa isa ƙashi, kuma aska ko ƙarfen da ba a tsabtace ba na yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Murɗa wuya da ƙarfi ko taka baya da ƙafa na da haɗari ƙwarai ga wanda ramin lakarsa ya riga ya ƙuntata.

Rayuwa da shi

Ba a hana tsufa, amma ana rage wa baya wahala. A raba kaya gida biyu maimakon ɗauka lokaci guda, a yi amfani da baro ko amalanke inda hali ya yi, kuma kada a ɗora wa yara kayan manya a ka. Idan za a ɗaga abu daga ƙasa a durƙusa da gwiwa, a jawo shi kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu da shi a hannu. Mai dogon zama ya riƙa miƙewa duk bayan rabin sa'a ko makamancin haka. Matashin kai kada ya yi tudu. Rage ƙiba da barin taba na taimakawa ko a wace shekara aka fara. Wanda tsayuwa ko sujada ke tsananta masa ciwo, malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa yana iya yin salla a zaune.

Likitocin tiyatar ƙashin baya da na'urorin IRM sun fi taruwa a manyan birane irin su Yamai, Yawunde, Duwala, Njamena, Akara, Kumasi da Kano, shi ya sa mutanenmu kan tsallaka iyaka neman magani. Mai irin wannan tafiya ya riƙe hotunan kansu ko faifan da aka zuba su, kada ya tsaya ga takardar bayani kawai, domin likita na karanta hoto ko da bai iya harshen da aka rubuta takardar da shi ba, kuma hakan na hana a sake biyan kuɗin hoto. Ya tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na kasuwa da na gargajiya. Ya kuma iya faɗin ranar da ciwon ya fara, inda yake bi, nisan da yake iya takawa kafin ya zauna, da ko an samu canji a fitsari ko bayan gida. Da waɗannan amsoshi ne likita ke yanke shawarar wanda zai koma gida da atisaye da wanda za a kwantar a ranar.